Haɗa Kai Da Riƙon Amana: Labarin Wani Faifan Garmaho

Kowa ya san amfanin haɗa kai. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, in ji masu magana, kuma duk wanda ya taɓa zuwa gayya ya ga yadda taron mutane su kan nome gona kafin azahar, gonar da mutum ɗaya zai yi kwana da kwanaki yana fama da ita. Saboda haka mutane da yawa su kan ɗauka cewa waɗanda suka daɗe suna aiki tare, har suka san hannun juna, lalle sun zama 'yan'uwa, ba abin da zai shiga tsakaninsu. To, shin haka abin ya ke? Jituwar da a ke gani wurin aiki ita ce amana, ko kuwa kowace da hanyarta? Akwai wani faifan garmaho da aka ɗauka a ƙasar Turai cikin 1938, wanda labarinsa zai taimaki mai neman amsar wannan tambaya.

Kafin a shiga labarin, ya kamata a san irin kiɗan da ke cikin faifan. Turawa suna da wani dogon kiɗa da su ke kira simfoni. Yawanci ba mawaƙi a cikinsa, kayan kiɗa ne kaɗai ke magana, kuma a kan raba shi kashi huɗu. Mutum guda ne ya kan ƙaga shi, ya rubuta a takarda da waɗansu alamomi, ya nuna abin da kowane makaɗi zai yi, da lokacin da zai shiga, da lokacin da zai yi shiru. Fiye da rabin makaɗan masu goge ne, daga ƙaramin goge wanda a ke ɗorawa a kafaɗa har zuwa ƙato wanda ya kai tsawon mutum. Sauran kuwa masu busa ne, da sarewa iri iri da ƙahoni na tagulla, sa'an nan masu ganguna. A gabansu madugu ya ke tsayawa da 'yar sanda a hannu. Shi ba ya kaɗa komai, amma da hannunsa a ke tashi, da shi a ke sauka.

Wajen ƙarshen ƙarni na 19 wannan kiɗa ya ƙasaita ƙwarai. Makaɗa suka yi yawa har su kan kai 100, kiɗa ɗaya ya kan wuce sa'a guda, masu ƙaga shi kuwa suka himmantu ga zuba duk abin da ke zuciyar ɗan Adam a ciki, da murna da tsoro da bege da baƙin ciki. Turawa na lissafa wannan lokaci a ƙarshen zamanin da su ke kira Romantik. Ba aikin haɗa kai da ya fi irin wannan kiɗa wuya. Dole kowane makaɗi ya sa ido ga takardarsa da hannun madugu, ya kuma kasa kunne ga na kusa da shi. In masu goge 16 za su ja murya ɗaya, sai su ja ta tamkar mutum guda, domin wanda ya riga saura ko da ƙiftawar ido ne ya ɓata aikin kowa.

Cikin manyan masu ƙaga kiɗa na wannan zamani akwai Gustav Mahler. An haife shi cikin 1860 a Bohimiya, wadda yau ta ke cikin ƙasar Cek. Iyayensa Yahudawa ne. Cikin 1897 ya shiga addinin Kirista, a shekarar kuma aka ba shi shugabancin babban gidan wasa da waƙa na Sarkin Ostiriya a birnin Biyana. Shekarar 1907 ta zo masa da nauyi: ya bar wannan aiki, babbar 'yarsa Maria ta rasu ba ta cika shekara biyar ba, likitoci kuma suka gane yana da ciwon zuciya. Cikin 1909 ya keɓe a wata 'yar bukka kusa da garin Toblach, tsakanin duwatsu, ya rubuta mafi yawan kiɗansa na Tara. Ya rasu ran 18 ga Mayu, 1911, bai taɓa jin an kaɗa shi ba.

Wanda ya fara fid da wannan kiɗa gaban jama'a almajirinsa ne kuma amininsa, Bruno Walter, tare da ƙungiyar makaɗan Biyana, watau Filharmonik, ran 26 ga Yuni, 1912. Masu sauraro da yawa sun ji shi kamar ban kwana. A kashi na ƙarshe masu busa da masu ganguna su kan yi ta janyewa, har a bar masu goge kaɗai, su ma murya tana ta raguwa, tana yankewa tana dawowa, har ta ɓace. A kan alamar ƙarshe Mahler ya rubuta wata kalmar Jamusanci mai nufin abin da ke mutuwa sannu sannu.

Shi ma Walter asalinsa Bayahude ne, haifaffen Balin. Da Hitila ya hau mulkin Jamus cikin 1933, aka hana shi aiki a can, sai ya koma Ostiriya, inda ikon Hitila bai kai ba tukuna. Ran Lahadi, 16 ga Janairu, 1938, ya sāke tsayawa gaban makaɗan Biyana a babban zaurensu, don su kaɗa kiɗan Mahler na Tara. Shugaban gwamnatin ƙasar, Kurt Schuschnigg, yana cikin masu sauraro. A kujerar farko ta masu goge kuwa wani dattijo ne mai shekara 74, Arnold Rosé, mijin ƙanwar Mahler, wanda ya fara hawa wannan kujera tun 1881.

A ranar kamfanin His Master's Voice, mai alamar kare yana sauraron garmaho, ya aiko mutanensa ƙarƙashin Fred Gaisberg don su ɗauki kiɗan. Aikin ba sauƙi gare shi ba. A zamanin allura ce ke zana murya a kan faifan kaki, kuma fuskar faifai ɗaya ba ta ɗaukar fiye da minti biyar, alhali kiɗan ya kai wajen minti 70. Makaɗa kuwa ba za su tsaya a jira canjin faifai ba, tun da ya ke ga jama'a a zaune. Sai aka kafa injin yanka biyu, in wannan ya kusa cika wancan ya karɓa. Haka aka yi har aka sami faifai 10, gaba da baya, watau fuska 20. Wannan shi ne karo na farko da aka ɗauki kiɗan Mahler na Tara a faifai.

Ɗaukar kiɗa gaban jama'a ta bambanta da wadda a ke yi a ɗakin kamfani. A ɗakin kamfani in an yi kuskure sai a tsaya a sāke, har a sami wanda ba aibi. Gaban jama'a kuwa abin da ya fita ya fita. Don haka a faifan Biyana a kan ji tarin masu sauraro, a kan ji wurin da makaɗa suka ɗan saɓa wa juna kafin su daidaita. Amma a kan ji kuma mutane kusan ɗari sun zuba ƙarfinsu duka cikin abu ɗaya, da zafi da gaggawa. Har yau masana kiɗa suna lissafa shi cikin manyan faya-fayan da aka taɓa ɗauka. Walter ya sāke ɗaukar kiɗan nan a Amurka cikin 1961, a ɗakin kamfani, cikin natsuwa, murya tas, amma na biyun bai sa an manta da na farkon ba.

Kwana 55 bayan wannan taro, ran 12 ga Maris, 1938, sojan Hitila suka shiga Ostiriya, aka haɗe ta da Jamus. Aka tsare Schuschnigg, bai sami kansa ba sai 1945. A titunan Biyana aka riƙa tilasta wa Yahudawa su durƙusa su wanke hanya, mutane suna kallo suna dariya. Walter yana ƙasar Holan wurin aiki sa'ad da abin ya auku, bai iya komawa gida ba. Aka kama 'yarsa Lotte, sai daga baya aka sake ta. Aka hana kaɗa kiɗan Mahler, aka canja sunan titin da ke ɗauke da sunansa. Ko da faifan ya fito kasuwa a Ingila, kiɗan da ke cikinsa ya riga ya haramta a garin da aka ɗauke shi.

Cikin ƙungiyar makaɗan kanta aka kori mutum 13, don su Yahudawa ne ko don suna da dangantaka da Yahudawa. Arnold Rosé na cikinsu, shekara 57 bayan ya fara hawa kujerarsa. Matarsa ta rasu a shekarar, shi kuwa ya tsere zuwa Landan, can ya rasu cikin 1946. Mutum biyar daga cikin 'yan ƙungiyar aka kwashe su zuwa wuraren da a ke tsare Yahudawa, ba wanda ya dawo. Su kaɗan ne daga cikin Yahudawan Ostiriya wajen 65,000 da aka halaka kafin ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu.

Sauran makaɗan fa? Suka ci gaba da aiki. Cikin 2013 ƙungiyar ta bayyana abin da masana tarihi suka samu a takardunta: zuwa 1942, mutum 60 cikin makaɗa 123 sun shiga jam'iyyar Hitila, wadda a ke kira Nazi. Abin da ya fi wannan nauyi kuwa, tun kafin 1938, sa'ad da jam'iyyar ta ke haramtacciya a Ostiriya, wajen ɗaya cikin biyar na makaɗan sun riga sun shige ta a ɓoye. Ashe a zamanin da aka ɗauki faifan nan, waɗanda za a kora da masu goyon bayan korarsu ƙungiya ɗaya su ke, suna bin hannun madugu Bayahude, suna kaɗa kiɗan Bayahude.

To, yaya haka ta yiwu? Wani zai ce kiɗan na munafunci ne, da baka kawai aka yi shi. Wannan amsa ba ta karɓu ba, domin faifan yana nan, kowa na iya saurara. Munafuki ya iya murmushin ƙarya, amma mutum ɗari ba su iya jan murya ɗaya har sa'a guda da ƙarya. Lalle sun saurari juna, lalle kuma kiɗan ya taɓa zukatansu. Gaskiyar da ta fi ɗaci ita ce sun yi aikin da zuciya ɗaya, kuma wannan bai hana abin da ya biyo baya ba.

Abu na farko da za a lura da shi ke nan: taushin zuciya dabam, kyan hali dabam. Kiɗa mai daɗi, ko wa'azi mai ratsa jiki, ko labari mai ban tausayi, duk su kan sa mutum hawaye. Amma hawayen nan ba su cin masa ko anini, da an tashi daga taron kuma sun bushe. Labarin 'yar Rosé, mai suna Alma, ya isa misali. Ita ma gwanar goge ce. An kama ta a Faransa, aka kai ta sansanin Auschwitz cikin 1943, aka sa ta shugabancin wata ƙungiyar makaɗa ta mata fursunoni. Aikinsu shi ne su yi kiɗa a bakin ƙofa safe da yamma, sa'ad da a ke fita da fursunoni aikin tilas da sa'ad da a ke komowa da su. Masu tsaron sansanin su kan zo su zauna su sha kiɗa, sa'an nan su tashi su koma ga kisan mutane. Alma ta rasu can cikin Afrilu, 1944. Da jin daɗin abu mai kyau yana gyara hali, da waɗannan masu tsaro sun gyaru.

Abu na biyu, sauraron da makaɗi ke yi wa na kusa da shi, don aiki ya ke yi. Yana kula da shi domin in ya saɓa masa kiɗa ya ɓaci, kunya ta kama kowa. Muddin buƙatarsu ɗaya ce, ba a iya gane ko mutumin a ke so ko gwanintarsa. Sai ran da tsayawa tare da shi ya zama hasara, zama nesa da shi kuma ya zama riba, sa'an nan a ke ganewa. Kujerar da aka kori mai ita ba ta zama banza, wani ne zai matsa gaba ya hau ta. Ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare.

Abu na uku, makaɗi ya saba tun yana yaro da bin hannun wanda ke tsaye a gaba, ba tare da gardama ba. Wannan ladabi abin yabo ne wurin kiɗa, in babu shi ba kiɗa. Amma ladabi ba ya tambayar ko wane ne ke riƙe da sanda, ko ina za shi da mutane. Wanda bai koyi komai ba sai bi, zai bi mai gaskiya da kyau, zai kuma bi azzalumi da kyau.

Duk da haka adalci bai yarda a yi musu kuɗin goro ba. Wani zai ce, yana da sauƙi mutum ya zauna cikin inuwa yana zargin wanda rana ke dūka. Makaɗin nan talaka ne mai cin albashi, yana da mata da 'ya'ya, mulkin da ya zo kuwa ba ya jin ƙorafi, wanda ya ɗaga murya sai kurkuku. Wannan magana tana da ƙarfi. Gaskiya ne babban madugun nan na Italiya, Arturo Toscanini, ya ƙi komawa bikin kiɗa na Salzburg a Ostiriya tun cikin Fabrairu, 1938, da ya ga inda ƙasar ta dosa. Amma shi baƙo ne, sunansa ya game duniya, duk inda ya nufa ana maraba da shi. Ba daidai ba ne a auna ƙaramin makaɗi da mudunsa.

Sai dai tsoro uzuri ne ga wanda ya yi shiru da baƙin ciki, bai zama uzuri ga wanda ya shiga jam'iyyar tun ba wanda ya tilasta shi ba, ko wanda ya yi murna da samun kujerar abokinsa. Tsakanin waɗannan kuma akwai matakai da yawa. Wilhelm Jerger, wani mai ƙaton goge, ɗan jam'iyyar ne tun da wuri, shi aka naɗa shugaban ƙungiyar da mulkin ya canja. Amma daga baya ya rubuta wa hukuma yana roƙon kada a kwashe waɗansu tsofaffin abokan aikinsa Yahudawa, ba a saurare shi ba. Mutum ɗaya ya taimaka aka buɗe wa kura ƙofa, shi ne kuma ya koma yana roƙonta ta bar masa akuya biyar. Roƙon ya nuna akwai sauran tausayi a zuciyarsa, ya kuma nuna cewa tausayin da ya zo a makare ba ya ceton kowa. Lokacin tsayawa ya wuce tun shekarun da zaluncin ya ke ƙarami, yana neman magoya baya, sa'ad da ƙin shiga ba ya jawo wa mutum komai.

Saura tambaya ɗaya. Wanda ya san wannan labari, ya kamata ya saurari faifan, ko ya ƙaurace masa? In an jefar da shi, an jefar da ɗaya daga cikin ayyukan ƙarshe da Rosé da 'yan'uwansa suka yi a garinsu, watau an cika wa masu korarsu burinsu. In kuma an saurare shi don daɗi kawai, an manta da su, an ƙara musu wani zalunci. A cikin faifan muryar gogen wanda aka zalunta da ta wanda ya yi zalunci sun gauraya, ba kunnen da zai iya rabe su. Hanyar da ta dace ita ce a saurara, a yaba kyan aikin iyakar yabo, a kuma riƙe labarin duka ba a rage komai ba. Kyan aikin bai wanke laifin ba, laifin kuma bai mai da kyan aikin ƙarya ba.

Walter kansa wannan hanya ya bi. Cikin 1947, shekara biyu bayan ƙarewar yaƙi, ya yarda ya sāke tsayawa gaban makaɗan Biyana a birnin Edinburgh na ƙasar Sikotilan, suka kaɗa kiɗan Mahler tare. Yafewa hakkin wanda aka cuta ne, in ya ga dama ya bayar. Amma faɗin gaskiya bashi ne a kan wanda ya yi cutar, kuma ƙungiyar ba ta biya wannan bashi sosai ba sai cikin 2013, shekara 75 bayan korar, sa'ad da mafi yawan masu hakkin sun riga sun bar duniya. Da faifan da takardun sun jira duk tsawon wannan lokaci, ba abin da ya goge daga cikinsu.

Ba makaɗa kaɗai wannan magana ta shafa ba. Duk inda mutane ke aiki tare, a kasuwa ko a ofis, a gona ko a makaranta, a kan sami mutane dabam dabam, harshe ba ɗaya ba, addini ba ɗaya ba, suna zaune lafiya shekara da shekaru. Wannan zama alheri ne babba, amma bai kamata a ɗauka ya isa ba. Mai hankali ya kan tambayi kansa tun ana zaman lafiya, ko abokin aikinsa ya ke ƙauna, ko amfanin da ya ke samu gare shi. Ya kan lura da ranar da aka fara zagin dangin abokin nan a bayan idonsa, domin a ranar ce ƙin sa baki ya ke da arha. Ya kan kuma yanke shawara tun da wuri a kan abin da zai yi in aka wayi gari an ce wannan abokin ba na cikinsu ba ne, aka nuna masa kujerarsa aka ce ya hau.